Sunana a Ƙarƙashin Amalanken Malam Mamman

Gusau, Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya a cikin mota, ya tsare ku daga Gusau zuwa Tsafe, daga Tsafe zuwa Funtuwa, har Fatakwal ɗin da ban taɓa gani ba sai a bakin direbobi. Ya kawar muku da mugun ji da mugun gani, ya sa direbanku mai haƙuri ne. Na ce innarka ta cusa ta kusa da dambun nama, don na san can hannunka zai fara zuwa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, da safe za ka baro shi. Abin da ban iya faɗa maka ido da ido ba shi zan rubuta.

Ni Lawali, ɗan manomi daga Kucheri, aji uku na yi a sakandare na fito. Ba wanda ya kama hannuna ya ɗora a kan holda, wato mariƙin tsinken walda. Injina na farko ni na naɗa shi da kaina, da tsohuwar wayar tagulla da katakon akwati, a wata rumfar kara kusa da tashar Tsafe. Ni na ɗaga ƙafafun tankin ruwan Karakkai, kuma har yau suna tsaye da ruwa a kansu ba su karkata ba. Garmar shanun da na ƙera wa mutanen Bungudu da Kekun Waje ban san iyakarta ba. Ƙofar masallacin unguwarmu aikina ce. Gidan da aka haife ka a ciki, tun daga tagogi har gadon da innarka ta yi jego a kai, daga hannun nan suka fito. Ban da ubangida, ban da satifiket, ban da wani kawu a ma'aikata. Kuma kowane aiki na gama, sai na juya shi in rubuta sunana a ƙasansa da wutar walda, inda ruwa ba ya wankewa.

To shekaranjiya ka miƙo mini takardar shiga makarantar waldar bututun da za ka je, ka ce in sa hannu a inda aka rubuta uba. Kai a zatonka Turancin ya fi ƙarfina. Na karanta ta tsaf. Akwai gurbin da suka ce a rubuta inda aka taɓa koyon aiki da sunan wanda ya koyar. Ka bar shi fari. Da na tambaye ka, ka sunkuyar da kai ka ce ai su manyan wurare masu rajista suke nufi, in ka rubuta rumfar bakin titi dariya za a yi maka. Na ɗauki gilashina na walda na koma kan aiki. Ka tsaya a bayana ɗan lokaci, sannan ka tafi.

Ka san dalilin da ya sa na rufe fuska? A cikin gilashin nan nake tunani. Da zarar na saukar da shi duniya ta tafi, babu titi, babu masu babur, babu mai kiran sunana. Duhu ne kore-kore, sai in ƙyasta tsinke, wani ɗan tafki na narkakken ƙarfe ya buɗe a gabana, ƙarami kamar ƙwayar gero, yana rawa yana walƙiya kamar wata a cikin rijiya. In ja shi a hankali yana bina. Wani lokaci sai in ga kamar ba ƙarfe nake ɗinkewa ba, tafiya nake yi a bakin gulbi ina yaro, ina jan akuya da igiya. Shekara talatin da wani abu ina kallon tafkin nan. A cikinsa na ga duk kurakuraina, kuma su nake so in ba ka, don su ne ban taɓa nuna maka ba a shekaru shida da ka yi kana aiki a gefena.

Na farko shi ne amalanken Malam Mamman.

Malam Mamman abokin mahaifina ne, wato abokin kakanka da ka ci sunansa. Yana da shanun noma biyu, ja da fari, da amalanken da aka yi da aksil ɗin tsohuwar mota, wato ƙarfen da tayoyi ke juyawa a jikinsa. Aksil ɗin ya tsage, ya jawo shi har Tsafe don ya ji an ce ɗan abokinsa ya zama gwani. A lokacin tsinken walda iri ɗaya tak na sani, mai lamba 6013. Ina son tsinken nan kamar me. Ba ya gardama, yana kamawa da wuri, ɗinkinsa lumui, ɓawonsa kuma da kansa yake tashi kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Na ɗora shi a kan tsagar nan yadda take. Ban buɗe bakinta ba, ban ɗumama ƙarfen ba. Na yi ɗinki uku masu kyau har mutane suka taru suna kallo, na shiga ƙarƙashi na rubuta LAWALI da manyan baƙaƙe.

Bayan kaka, ranar kasuwar Tsafe, ya ɗoro buhunan dawa daga Kucheri. A wata gangara aksil ya rabe biyu. Amalanke ya kife, ya ja karkiya, jan san ya faɗi ƙafarsa ta gaba ta karye. A nan bakin hanya aka yanka shi.

Washegari da hantsi sai ga Malam Mamman a rumfata. Bai yi faɗa ba. Ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Sannan ya ajiye abu biyu a kan bencina: guntun aksil da ƙullin nama a ganye. Ya ce in duba cikin ƙarfen. Na duba. Daga waje ɗinkina yana nan yana sheƙi, amma ciki tsagar tana nan yadda Allah ya yi ta, busasshiya, har da tsatsa. Ɗinkin a sama kawai ya kwanta kamar lalle a hannu. Na tambaye shi naman fa na mene ne.

Ya ce, “Rabonka ne, ɗan Sani. Ai kai ka yanka shi, mahauci fiɗa kawai ya yi.”

Ban iya cin naman nan ba. Kwana biyu bayan haka na tafi Kucheri da zarto a aljihu, na kwanta a ƙarƙashin amalanken a ƙofar gidansa na goge sunana harafi bayan harafi. Yana zaune a kan tabarma yana kallona, farin san yana ɗaure shi kaɗai a turke.

Saboda haka, Abba, kada kyawun ɗinki ya ruɗe ka. Kafin ka buɗe kwalin tsinke, ka tambayi ƙarfen ko shi wane ne, kaurinsa nawa, kuma me zai ɗauka bayan ya bar hannunka. Lambar da ke jikin tsinke magana ce, ni sai da sa ya mutu na koyi jin ta. Biyun farko ƙarfin ɗinkin suke faɗa, saba'in ya fi sittin. Ta uku tana gaya maka ta ina za ka iya aiki da shi, in ɗaya ce to a kwance, a tsaye, har sama da kanka. Ta ƙarshe ita ce ke faɗin irin rigar da aka yi wa tsinken da irin wutar da yake so. 6013 na ƙofa ne da taga da gado, a nan ba ya da na biyu. Amma abin da zai ɗauki nauyi, ko ƙarfe mai tauri irin na mota, ka buɗe bakin tsagar da giranda, injin goge ƙarfe, ka ɗumama shi, ka nemo 7018. Tukunyar injin niƙa da sauran ƙarfen zubi kuwa nasu tsinken daban ne, mai nikel, ana yi kaɗan-kaɗan ana hutawa, in an gama a binne a toka ya huce a hankali. Kaurin tsinke kuma ya bi kaurin aiki. Kada ka kai geji takwas mai kauri inda siririn geji goma sha biyu zai isa.

Kuskure na biyu ya fi ban dariya, amma ni a lokacin ban yi dariya ba.

Injin da na naɗa da hannuna wutarsa AC ce, mai kai da komo, ba ta da gaba ba ta da baya. Kowace waya ka ɗaura a kowane baki, duk ɗaya. Haka na saba. Daga baya na samu wani tsohon inji mai janareto da masu aikin hanya suka yar, na tayar da shi. Shi wutarsa DC ce, hanya ɗaya take bi kamar ruwan kwata. Da wayoyinsa a ɗaure na same shi, ban taɓa kwance su ba, kuma 7018 yana gudu a kansa kamar mai. Da shi na yi ƙafafun tankin Karakkai. Ina jin wutar tana nutsewa cikin ƙarfe, ƙararta a kunnena kamar ana suyar ƙosai a gida na uku.

Da muka taso daga Tsafe zuwa Gusau, kana goye a lokacin, na kwance wayoyin don a ji daɗin loda inji a mota. Muka iso na mayar da su yadda hannuna ya kai. Tun daga ranar hannuna ya lalace. Tsinken da na sani ya koma tofi, yana fantsama, yana maƙalewa, ɗinki ya taru a sama kamar kashin tsutsa. Ƙarar ma ta canza, ta koma kamar ruwan sama a kan kwano mai ɓula. Na canza kwali, na ƙara wuta, na rage wuta. Ina! Wani mutumin Bungudu ya dawo mini da garma har sau biyu.

Me kake tsammani na ce? Na ce an yi mini sammu. Baƙo ya shigo gari da suna, masu waldar layin ba su so, shi ke nan. Na daina amsa gaisuwar maƙwabcina, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na sha rubutu har cikina ya gaji. Na yi wa rumfa turare, na wanke holda da ruwan addu'a. Wata uku ina cikin wannan hali, ina rama.

Amma akwai abin da ban lura da shi ba. A watannin nan duk aikin fallen ƙarfe marar kauri, akwatunan amare da ƙofofin shago da murhun gawayi, sun fi kowane lokaci kyau. Da can sai na yi ta ɓula su ina cikewa. Yanzu 6013 yana tafiya a kansu sumul, ko huda ɗaya babu. Wata rana innarka ta kawo mini abinci da azahar, ta tsaya tana shafa wani akwati da na gama, ni kuma ina ta ba ta labarin maƙiya. Ta bari na gama tsaf.

Ta ce, “Malam, wanga wane irin sammu ne mai zaɓen aiki? Ya hana ka garma ya bar maka akwati?”

Na ce mata mata ba su san sha'anin ƙarfe ba. Ta ɗauki kwanonta ta tafi. Amma maganar ta zauna mini. Na tsuguna gaban injin ina kallon inda wayoyin suka shiga, baƙin mai ya rufe wurin tun zamanin masu aikin hanya. Na sa tsumma da kananzir na goge. Sai ga alama biyu sun fito, irin waɗanda malaminmu na lissafi yake rubutawa a allo: tarawa a dama, ɗebewa a hagu. Holdata tana kan ɗebewa. Na musanya su, na ƙyasta 7018 a kan guntun ƙarfe, suyar ƙosan nan ta dawo. Abba, na daɗe a cikin gilashin ban ɗaga shi ba, don kada masu wucewa su ga fuskata. Da la'asar na je na gaida maƙwabcina, har yau bai san dalili ba.

Ga abin da wata ukun nan suka koya mini, kai ka same shi a 'yan layuka. In injin DC ne, holda a kan tarawa, wayar da ake maƙalawa a jikin aiki a kan ɗebewa, wuta tana haƙa ciki sosai. Wannan ita ce ta ƙarfe mai kauri, ita 7018 ya fi so. Shi kuwa 6010, wanda za su ba ka don ɗinkin farko na cikin bututu, in ba a kan tarawa ba ba ku shiryawa. In ka juya, holda a kan ɗebewa, tsinke yana narkewa da sauri amma ba ya nutsewa, sai ya dace da falle marar kauri da kake tsoron ɓulawa. AC tana tsakaninsu, kuma tana da ranarta: in ka ga wutar DC tana kaucewa gefe a lungu kamar iska na kaɗa ta, AC ba ta yin haka. Duk injin da ka tarar, kada ka yarda da launin waya, wani ya riga ka taɓa ta. Ka bi ta da hannu har gindinta ka ga alamar da idonka. In kuma aiki ya ƙi, ka fara zargin wayarka kafin maƙwabcinka.

Na uku gajere ne. Wata damina na bar kwalin 7018 a buɗe a ƙasan benci. Na yi wa wani ɗinkin tirela da shi, da na ɗaga ɓawon sai na ga ƙananan ramuka kamar gidan tururuwa. Tsinken ya sha danshi. Wannan karon ban ce sammu ba, na yanke ɗinkin na sake. Innarka ce ta ga ina shanya tsinkaye a rana hadari yana korata, ta karɓe su ta turbuɗa a cikin yashin da take suyar gyaɗa, a kaskonta, da zafinsa. Shekaru muna haka, tsinkena yana ƙanshin gyaɗa. Can za ka tarar da akwatin gashi na musamman, ya fi yashi nesa ba kusa ba, ka yi amfani da shi, ka ɗebo daidai wanda za ka ƙone. Amma kada ka gasa 6010, shi rigarsa tana son ɗan danshinta.

Na san abin da kake cewa a ranka yanzu: Baba ya ce ba wanda ya taimake shi, ga shi sau biyu Inna tana fitar da shi. To na ji. Ban goge abin da na rubuta a sama ba, amma na ji.

Amalanken Malam Mamman kuwa na sake shi daga baya, da wutar da ta dace da tsinken da ya dace. Shi ya rasu, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa suna lodin taki da shi har yanzu. In kun wuce Kucheri ka duba ta taga, wataƙila ka gan shi. Shi ne aiki mafi ƙarfi da na taɓa yi, kuma shi kaɗai ne babu sunana a jikinsa. Kunya ta hana ni mayarwa. Wani lokaci in na kishingiɗa a rumfa bayan azahar, barci yana ɗan fizgata, sai in gan ni kwance a ƙarƙashinsa, rana tana shigowa ta tsakanin katakai, ina lalube da yatsa ina neman haruffan. Wurin sumul. Can sama ina jin numfashin shanu biyu, har da jan. Sai wani mai babur ya yi oda in farka.

Shi ya sa na san abin da gurbi fari yake nufi, Abba. Ni da hannuna na taɓa yin sa. Mutum yana cire suna ne daga aikin da ya ba shi kunya.

Za su koya maka abubuwan da ban sani ba. Za su haska ɗinkinka da na'ura su ga cikinsa ba tare da an jira sa ya karye ba, wannan kuwa da na same shi ina saurayi da na yi murna. Ka saurare su, ka girmama su, kada ka ce ai a gidanmu ba haka ake yi ba. Amma ranar da malaminku zai miƙo maka holda, ya ga ka sunkuya ka bi waya har gindinta kafin ka ƙyasta, ya ga ka karkata kunne kana sauraron wutar, zai tambaye ka wa ya koya maka. In an yi dariya, a yi. Ka ce su zo Karakkai su sha ruwa.

Ni ban taɓa kiran sunanka na yanka ba tun da aka raɗa maka shi, don sunan mahaifina ne, bakina ba ya iya ɗaukarsa. Wannan girmamawa ce. Naka shirun ban san sunan da zan ba shi ba, kuma ba na so in sani.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka sa gilashi ko da ɗigo ɗaya za ka yi, kada ka yi irin tawa ta runtse ido, ka ga yadda nake karatu yanzu sai na nisanta takarda. Kada ka tsaya cikin ruwa da holda a hannu, an ce garin ruwa ne. Ka kira innarka in kun sauka, ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarka. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga wuta da ƙarfe da mugun aboki, ya ba ka hannu mai sanyi, ya dawo mana da kai ka fi ni. Amin.

Takardar makarantar tana cikin ambulan ɗin nan. Na sa hannu a inda aka ce uba, wannan ba sai na roƙi kowa ba. Ɗaya gurbin na bar maka shi yadda ka bar shi, ga biro na haɗa maka. Kafin ka miƙa ta, ka cike shi da hannunka, da manyan baƙaƙe, kada ka taƙaita: LAWALI SANI KUCHERI, MAI WALDA, GUSAU. A gefen da suka ce shekara nawa, ka sa shida. Ka danna biron sosai, ya fito ta bayan takardar.

Mahaifinka,
Lawali Mai Walda.